Daraktan fim ɗin zane mai motsi: me yake yi, ta ina kuma ake hawa?

Wani matashi daga unguwar Zango, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana ƙaramin aji yake zane, bana ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, yana kuma haɗa ƴan gajerun katun a salularsa, abokansa na fada suna ta yaba masa. Burinsa ya zama daraktan finafinan zane irin waɗanda ake nunawa a talabijin da silima. Yana son sanin aikin daraktan, da hanyar da ake bi a kai can, da kuma ko mutum zai iya riƙe gida da wannan sana'a, domin mahaifinsa yana ganin wasan yara ne.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da abin da ba lallai ka so ji ba: iya zane ba shi ke sa mutum ya zama darakta ba. A manyan gidajen katun, yawancin abin da kake gani a allo ba hannun daraktan ne ya zana ba, kuma sau da yawa akwai yaransa da suka fi shi hannu nesa ba kusa ba. Abin da yake riƙe da shi, wanda ba ya sakar wa kowa, shi ne lokaci. Shi ke yanke cewa wannan kallon zai daɗe rabin daƙiƙa, wancan marin zai sauka cikin ƙiftawar ido, a nan kuma kowa ya yi tsit.

Ka san dai babu abin da ke motsi a cikin fim. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri har ido ya ruɗu. A silima hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, a talabijin irin tamu 25. Masu zanen hannu sukan bar zane ɗaya ya tsaya na hoto biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Yi lissafi da kanka: minti ɗaya zane 720 ke nan, minti uku 2160. Taku ɗaya na mutum mai tafiya ba sauri ba nawa yana cin kusan rabin daƙiƙa, wato zane 6. Duk wanda ya zauna ya zana jaki yana tafiya daga wannan gefen takarda zuwa wancan ya san tsadar daƙiƙa, shi ya sa ba ya wasa da ita.

Ni a kan kokowa na gane wannan. Shekarun baya na zana wani kaye na daƙiƙa 6, zane 72 cif, kowanne na yi masa kwalliya har da layu da ƙurar ƙasa. Da na kunna, sai ga ƴan kokowa biyu suna narkewa zuwa ƙasa kamar kitse a rana. Babu nauyi, babu tsoro. Wani dattijo da nake koyo a wajensa ya kalla sau biyu, bai ce komai ba, ya jawo tarin takardun. Ya zare kusan 20 daga wurin faɗuwar ya ajiye gefe. Sannan ya ɗauki zane guda, wanda ɗaya ya riga ya kama ƙafar ɗan'uwansa amma bai ɗaga ba tukuna, ya ce a bar wannan ya tsaya cak na rabin daƙiƙa. Muka sake kunnawa. Wallahi sai da na ji faɗuwar a ƙirjina. Bai zana ko layi ɗaya ba, ragewa ya yi da tsayarwa. In ka je filin kokowa ka lura, ihun jama'a ba a kan faɗuwar yake farawa ba, a kan wannan ɗan shirun ne da ke gabanta, lokacin da kowa ya ga abin da zai faru amma bai faru ba. Aikin darakta ke nan a dunƙule.

Ga yadda aikin ke tafiya daga farko. Bayan an rubuta labari, sai a mayar da shi ƙananan zane a jere, kowane fage da akwatinsa, ana nuna inda ido zai tsaya: daga nesa ne, ko kusa da fuska, daga sama ko daga ƙasa. Wannan allon labari shi ne ainihin rubutun darakta, kuma ba ya bukatar kyau, yana bukatar a fahimta. Daga nan a ɗauki muryoyi. Mutane da yawa suna zaton zane ake fara yi sannan a ɗora murya. A mafi yawan gidajen Amurka da Turai muryar ce ke gaba, mai zane ya bi numfashin ɗan wasa. A Japan kuwa sun fi ɗora murya daga baya. Sai a haɗa allon labarin da muryoyin a kwamfuta, a kalli fim ɗin gaba ɗaya alhali babu abin da ke motsi tukuna. A nan ake yanka, a nan ake sauya ra'ayi, domin a nan ne sauyi ba ya da tsada. Masu fim irin na Kano suna ɗaukar abu da yawa su je ɗakin tacewa su zaɓa. Mu ba mu da wannan gatan. Mukan tace kafin mu ɗauka, don ba wanda zai zana minti biyar a zubar.

Bayan haka ne manyan masu zane ke fitar da jigon kowane motsi, wato farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, ƙanana su cike tsakani, wasu su gyara layi, wasu su sa launi, wasu su zana gari da dajin da ke baya. Darakta yana zaune a tsakiya, kullum ana kawo masa guntaye yana cewa wannan ya yi, wannan a sake. Rabin wahalarsa ta mutane ce. Yadda za ka ce wa wanda ya kwana uku a kan zane ya sake shi, ya tafi bai ƙullace ka ba, wannan ma ilimi ne, kuma ba a manhaja ake samunsa ba.

Tunda na ambaci murya, ga wata ƴar dabara da ba za ka samu a darussan intanet ba. Ana zana baki da siffofi kaɗan, shida zuwa goma, ana maimaita su. Jadawalin da za ka saukar daga intanet na Turanci ne ko Faransanci, kuma a cikinsa harafin f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Bahaushe ba haka yake faɗin f ba. Tsaya gaban madubi ka ce fura, ka ce fada: leɓɓa biyu ne ke matsowa kusa, haƙori bai shiga ba. In ka bi jadawalin nan ido rufe, mutanenka za su yi Hausa da bakin Bature, mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Haka babbar riga. Je ka zauna ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar Juma'a ka kalli yadda dattijo ke tattare hannun riga ya aza a kafaɗa, ya yi taku uku ta zamo, ya sake mayarwa ba tare da ya duba ba. Mai zanen Tokyo bai san wannan ba. Kai ka sani. Na ga aikin matasanmu da yawa, yara masu manyan idanu da gashi mai tsini suna yawo a garin da ba Zango ba, ba Birni ba, ba ko'ina ba, alhali ga duwatsun Birni nan da gidajen ƙasa masu zanen ƙofa ba wanda ya taɓa su.

Tsakanin talabijin da silima akwai bambanci babba, kuma yawancin daraktoci ta talabijin suke shigowa. Shirin talabijin kasuwa ce mai ci kullum: kashi-kashi ne, wani minti 7, wani 13, wani 26, kuma ranar nunawa ba ta jiran kowa. Don haka ake tsimi. A tsayar da jiki, baki kaɗai ke motsi. A zana tafiya sau ɗaya a yi ta maimaitawa. A Japan sukan sauka zuwa zane 8 a daƙiƙa, wani lokaci hoto guda tsayayye kyamara na zamewa a kansa. Ba lalaci ba ne, sanin inda za a zuba ƙarfi ne. A irin wannan shiri akwai babban darakta mai riƙe da salon shirin duka, akwai kuma daraktocin kashi-kashi a ƙarƙashinsa, nan ne matashi ke fara samun dama. Dogon fim na silima kuwa yakan ci shekaru uku zuwa biyar a manyan gidaje, da ɗaruruwan ma'aikata, kuma ba a miƙa shi ga wanda ba a gwada ba. Dubi Hayao Miyazaki na Japan, wanda duniya ke sara wa yau. A 1963 ya shiga kamfanin Toei a matsayin mai cike tsakanin zanen wasu, matakin ƙasa ke nan. Ya yi shekaru yana aikin shirye-shiryen talabijin, bai ba da umarnin dogon fim nasa na farko ba sai 1979. Shekara 16. Gidan Ghibli da aka san shi da shi kuwa sai 1985 aka kafa.

Amma ba sai mun je Japan neman abin koyi ba, kuma wannan ne nake so ka kai wa Baba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka kudu da Sahara ɗan ƙasar nan ne, Moustapha Alassane. An haife shi a 1942 a N'Dougou. Tun yana yaro yake yanka siffofi yana haska su da fitila, inuwarsu ta faɗa a kan ƙyalle, mutane su taru su kalla. Ya koyi kanikanci, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin mutum ne mai ƙera kayan aikinsa da hannunsa in babu na saye. A Yamai ya samu aiki a cibiyar bincike ta IFAN, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai finafinan al'adu. Ta wannan hanya ya tafi Kanada, ya ga aikin Norman McLaren a hukumar finafinai ta ƙasar, mutumin da ya yi suna wajen zana hoto kai tsaye a kan leidar fim ba tare da kyamara ba.

Ya dawo gida ya yi La Mort de Gandji a 1965, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, kuma ina roƙonka ka neme shi ka kalla, minti biyar ne kacal. Baƙin layi ne a kan fari, ba launi, ba ƙawa. Shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, aka tarbe shi da fareti da duk wani shagali na manya. Shekara shida ke nan da samun ƴancin kai, sababbin shugabanni suna ta zirga-zirgar ziyarce-ziyarce, shi kuma ya mayar da su kwaɗi masu tumbi. In ka auna zanen da ma'aunin kyau, kai ma yau za ka iya fin haka a salularka. Amma ka lura da yadda ya san tsawon da faretin zai yi kafin girma ya koma abin dariya. Mu mutanen Damagaram bai kamata wannan ya zama baƙo a wurinmu ba, mu da muke da wasan kara, inda samari ke shiga kamannin manya da masu mulki a yi raha, manyan ma suna kallo suna dariya.

Bai tsaya kan zane kaɗai ba, kuma wannan ma darasi ne a kan yadda rayuwar darakta take a ƙasa irin tamu. Ya yi finafinai da mutane: Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka hargitsa ƙauye, sai F.V.V.A. a 1972, a kan haukan mace da gida da mota da kuɗi. A 1977 ya koma ga ƴan tsana da Samba le Grand, ana motsa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya yi Kokoa, gasar kokowa ta dabbobi. Ya shugabanci sashen silima a jami'ar Yamai shekaru 15. Ya zauna a Tawa yana riƙe da masaukin baƙi, ɗakin aikinsa na nan a ciki, ya koyi aiki da kwamfuta da furfurarsa. Faransa ta ba shi lambar girma a bikin finafinai na garin Kan a 2007. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, Allah ya jiƙansa. A 2017 babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya nuna ayyukansa, a 2024 kuma aka sa wa cibiyar al'adu ta Yamai, wadda da ke ɗauke da sunan Jean Rouch, sunansa.

Ka lura da abu guda a cikin wannan tarihi. Mutumin da duniya ta san da zamansa, koyarwa da masaukin baƙi ne suka riƙe shi tsakanin fim da fim. To wannan ya kawo mu maganar kuɗi, kuma ba zan shafa maka zuma a baki ba. A nan babu gidan katun da zai ɗauke ka aiki ya biya ka albashi duk wata kana hawa mataki-mataki kamar yadda Miyazaki ya yi. Kai ne marubuci, kai ne mai zane, kai ne darakta, kai ne mai bin bashi. Abin da ke kawo kuɗi shi ne tallar ƴan kasuwa, da saƙonnin wayar da kai na ƙungiyoyi a kan rigakafi ko gidan sauro ko karatun ƴaƴa mata, da ƴan ayyukan da ake samu daga waje ta intanet. YouTube da TikTok suna kawo suna da wuri, kuɗi kuwa a hankali, in ma sun zo.

A irin aikin ƙungiyoyin nan na sha wuya sau ɗaya, ban sake ba. Wata ƙungiya ta ba ni fim na minti uku a kan wanke hannu. Muka yi magana da baki, na kama aiki, wata biyu ina kai. Ranar da na kai musu, sai wata babba da ban taɓa gani ba ta ce yaron da ke cikin labarin a mayar da shi yarinya, kuma rijiyar a mayar da ita famfo. A ganinta gyaran minti goma ne. A wurina kuwa fiye da rabin zane 2000 ne suka tashi a banza, ba a kuma ƙara mini ko dala ba. Tun daga ranar, ba na fara motsa komai sai an kalli allon labari da muryoyi an sa hannu a takarda, an ba da rabin kuɗi, an kuma rubuta cewa duk sauyin da ya zo bayan nan da farashinsa. Ka kuma kula kada ka sayar da mutanen da ka ƙirƙira tare da aikin. Fim ɗin nasu ne, amma in ka haifi wani ɗan tsohon da yara suka so, ka rubuta cewa naka ne, don wataƙila shi zai ciyar da kai gobe.

Kayan aiki ba su ne matsala ba yanzu. Manhajojin Blender da Krita da OpenToonz duk kyauta ne, FlipaClip kuma da salula ma ya isa a koyi motsi. In ka samu hali ka sayi allon zane mai alƙalami, ko na hannu ne. Abokan gabarka zafi da ƙura da ɗaukewar wuta: a watan Afrilu kwamfuta takan mutu tana tsakiyar fitar da hoto, don haka aiki mai nauyi da dare ko da asuba, kuma kowane aiki a ajiye shi wuri biyu. In ƴan tsana za ka gwada, ka toshe taga ka yi aiki da fitila ɗaya tsayayya, domin rana tana tafiya kana ɗauka, in ka haɗa hotunan sai haske ya yi ta rawa. Yumɓu kuma yana tsagewa da hunturu kafin ka gama fage ɗaya. Wayar ƙarfe a ciki, ƙyalle ko fata a waje ya fi, ga dukawa nan a gari da suka san yadda fata ke lanƙwasa fiye da ni da kai. Muryoyi ma kada ka tara abokan fada don suna kyauta. Garin nan ya yi suna da ƴan wasan kwaikwayo tun zamanin rediyo, ka nemi tsofaffin hannu ka gaishe su da ladabi. Murya mai rai takan ɗauki zane mai rauni, amma zane mai kyau ba ya ceton muryar da ke karanta takarda.

Game da karatu, kada ka ajiye shi. Ka shiga jami'ar André Salifou ko wata, ka karanci abin da zai ba ka abin yi, ka riƙe Faransanci da Turanci da kyau don da su za ka nemi tallafi da shiga bukukuwa. Bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, wanda aka fara a 1969 ake kuma yi duk shekara biyu, yana karɓar finafinan zane. Na garin Annecy a Faransa, wanda aka fara a 1960, shi ne babban bikin sana'ar a duniya. Akwai makarantu irin Gobelins a Faris, amma ko can ba takardar bak kaɗai suke dubawa ba, aikin hannunka suke so su gani. Shi kuwa Baba, kada ka yi masa gardama. Bai ga komai ba tukuna sai yaro da salula, kuma yana da gaskiyarsa.

Ga aikin da zan ba ka. Ka ɗauki tatsuniya ɗaya gajera, ta Gizo da kura ma ta isa, ka yi fim na minti ɗaya mai farko da ƙarshe. Allon labari tukuna, sannan murya, sannan zanen nan 720, ko ƙasa da haka in ka iya tsimi. Kada ka sa launi. In ka gama, kada ka fara kai wa ƴan fada, za su ce ya yi ko bai yi ba. Tara yaran gidanku bayan sallar isha, ka kunna musu, kai kuma ka juya wa allon baya ka kalli fuskokinsu. Ka rubuta daƙiƙar da suka yi dariya da daƙiƙar da ɗaya ya waiwaya yana neman abin wasa. Ka koma ka gyara wurin, ka sake nuna wa wasu yaran. In ka yi haka sau uku, ka turo mini fim ɗin tare da takardar da ka rubuta daƙiƙoƙin a kai, mu zauna mu duba tare.